Brothers: Fim ɗin harbe-harbe na nema, sai na ga Kawu

Ranar Asabar na tsaya wurin yaron da ke tura min fina-finai a waya, na ce ya ba ni na yaƙi, wanda zan kalla in huce gajiyar mako. Ya ce, "Yaya, ga wani na Afghanistan, mai fitowa a Spider-Man ne jarumin." Na biya na wuce. Bayan isha'i na kunna, na yi kusan rabin awa ina jiran a fara ruwan harsashi, shiru. Raina ya ɓaci har na yi niyyar komawa da safe in yi masa faɗa.

Sunan fim ɗin Brothers, na 2009, Jim Sheridan ne ya ba da umarni, kuma sake yin wani fim ne na ƙasar Denmark da ya fito a 2004. Tobey Maguire ne Sam, kyaftin ɗin sojan Amurka mai mata da 'ya'ya mata biyu. Jake Gyllenhaal ne ƙaninsa Tommy, wanda bai daɗe da fitowa daga gidan yari ba, Natalie Portman kuma ita ce matar, Grace. An harbo jirgi mai saukar ungulu da Sam yake ciki, aka sanar da iyali ya mutu, alhali yana hannun 'yan Taliban. Can suka tilasta masa ya kashe yaronsa, wani ƙaramin soja, da bututun ƙarfe. Da aka ceto shi ya dawo gida bai gaya wa kowa ba, sai ya koma zargin matarsa da ƙaninsa.

Wurin da ya kama ni shi ne cin abincin murnar zagayowar ranar haihuwar ƙaramar 'yar. Kowa na zaune a teburi, babbar ta riƙe balan-balan tana murza shi da yatsu, yana wannan ƙarar mai tsaya wa mutum a haƙori. Uban ya ce ta bari. Ta ci gaba. Fuskarsa kawai nake kallo: ya rame, ido ya fito, muƙamuƙi ya ɗaure, hira ake yi amma kunnensa na kan balan-balan ɗin. Da ya zabura ya fasa shi, wallahi sai da na tsayar da fim ɗin na ajiye wayar a kan katifa.

Na san wannan kallon. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, yana cikin sojojin Najeriya da suka je Laberiya ƙarƙashin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, a shekarun 1990. Ina yaro ya dawo. Ba ya zama ya ba ƙofa baya, ba ya barci sai an kusa kiran asuba. Wata Sallah muna wasa a tsakar gida, ɗan maƙwabta ya fasa ledar da ya hura, Kawu ya yi wurgi da kwanon tuwo ya kwanta ƙasa. Da ya tashi ya ga muna kallonsa, ya ɗauke yaron da mari. Manya suka ce iska ce ta taɓa shi a dajin can, aka yi ta rubutu da hayaƙi. Matarsa ta yi yaji ya fi a ƙirga. Mu yara kuwa muka sa masa suna Kawu mai faɗa, muna guduwa in mun ji takunsa. Sai a daren nan, ina da nawa 'ya'yan, na tambayi kaina me ya gani a Laberiya, kuma wa ya taɓa zaunar da shi ya tambaye shi.

Maguire ya yi ƙoƙari matuƙa, ban yi mamaki ba da aka sa shi cikin 'yan takarar lambar yabon fina-finai ta Golden Globe. Inda ya farfasa kicin ɗin da ƙaninsa ya gyara wa Grace, ya fito da bindiga gaban 'yan sanda, ni ma numfashina sai da ya ɗauke.

Amma akwai abin da har yanzu yake ci mini rai. Mutanen Afghanistan da ke fim ɗin kusan duk mugaye ne masu rawani da bindiga, ba ka ji sunan uwa ko matar kowa cikinsu ba. A ƙasarsu aka yi shekara 20 ana wannan yaƙi, daga 2001 zuwa 2021, su ma suna da 'ya'yan da ke firgita cikin dare, amma ciwon Ba'amurke kaɗai aka nuna mana. Wannan ya rage masa daraja a idona sosai. Sannan ƙarshen an yi shi da gaggawa: an kai Sam asibiti, ya faɗa wa matarsa gaskiya, shi ke nan aka rufe. Yaya 'yan matan nan suka ƙare da uban da suke tsoro? Ba a nuna ba, kuma nan ne nake son gani.

Kada ku kalle shi da yara, kuma wanda harbe-harbe yake so ya nemi wani. Ni ban goge shi daga wayata ba. Washegari na karɓi lambar Kawu wurin Mama na kira shi, muka gaisa, ya tambayi iyali. Ban iya yi masa maganar Laberiya ba, na dai ce ina nan tafe ranar Juma'a.