Shagon kayan kamun kifi da ke auna idon raga kafin ya sayar

Ni malamin makaranta ne, amma gidanmu gidan masunta ne a gefen gulbin Rima wajen Wamakko, kuma har yanzu ni ake aika wa birni idan kalli, wato ragar da ake shimfiɗawa cikin ruwa, ya mutu ko ƙugiyoyin mamari, wato doguwar igiya mai jerin ƙugiyoyi, sun ƙare. A shekaru uku da suka wuce na zauna a kan shago guda cikin Tsohuwar Kasuwar Sakkwato, na wani dattijo da ya yi sana'ar su a ƙuruciyarsa, kuma ina ganin ya cancanci a yi bayaninsa ga masunta da ɗaliban da ke binciken kifi.

Kayan da ake nema duk akwai su: kalli, birgi, zare, igiya, dalma, da ƙugiyoyi manya da ƙanana. Ɗinkin birginsa yana da ƙarfi, domin wanda na saya wa ƙanena ya yi damina biyu ana jefa shi kusan kullum kafin ya nemi gyara.

Abin da ya bambanta shagon shi ne yadda mai shi yake ɗaukar maganar idon raga. Masunta da yatsu suke aunawa, a ce yatsa biyu ko uku ko huɗu, shi kuma yana ajiye da ma'auni a kan teburinsa, ya ja ido ya miƙe, ya gaya maka faɗinsa da milimita. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta hana amfani da ragar da idonta bai kai milimita 76 ba, wato inci 3, sai a wasu keɓaɓɓun nau'o'in kamun kifi, kamar yadda ta hana zuba guba da jefa nakiya a ruwa, kuma shi ne mai shago na farko da na ji ya ambaci wannan doka da bakinsa. Na taɓa ganin wani saurayi ya nemi raga mai ido kamar gidan sauro, dattijon ya ce masa, “Ɗana, in ka kwashe ɗiyan kifi bana, mi za ka kama baɗi?” Saurayin ya fita ransa a ɓace, dattijon kuma bai kira shi ba.

Wannan magana tasa ita ce masu bincike suka daɗe suna faɗa, tun daga cibiyar binciken kifin ruwan daɗi da ke Sabuwar Busa, wadda ta faro a 1968 da aikin nazarin tafkin Kainji, har zuwa malaman sashen kifi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Yawancin kifayenmu da damina suke haihuwa. Tarwaɗa tana jiran ruwa ya hau fadama ta bi shi ta zuba ƙwai a cikin ciyawa, karfasa kuma uwar ce take riƙe ƙwai da ƙananan 'ya'ya a bakinta har su yi ƙwari, saboda haka wanda ya kama ta a wannan lokaci ya kashe ɗaruruwa a jifa ɗaya. Tun da aka kammala madatsar Bakolori a kan gulbin Sakkwato a 1978, aka bi da ta Goronyo a kan Rima a 1984, ambaliyar da ke shayar da fadama ta daina zuwa yadda kakanninmu suka san ta, wuraren haihuwa suka ragu. Idan aka ƙara da raga mai ƙaramin ido, wadda ke ɗauke kifi tun bai yi haihuwar fari ba, ba abin mamaki ba ne babban giwan ruwa ya zama abin labari a wajenmu. Kabawa sun fahimci haka tun da daɗewa, shi ya sa Sarkin Ruwa yake rufe gulbin Matan Fada a Argungu har ranar bikin kamun kifi, kuma a ranar ake fito da kifin da mutum ɗaya ba ya iya ɗauka.

Ga ɗalibai kuwa, shagon yana da wani amfani na daban. Mai bincike yana buƙatar jerin kalli masu ido daban-daban, domin kowane ido da girman kifin da yake riƙewa, kuma dattijon yana haɗa irin wannan jeri idan aka kawo takarda daga makaranta, ya ɗaura wa kowace raga alamar awonta. Yana kuma taimaka musu da sunayen kifaye na gida, ya raba musu ƙurungu da ragon ruwa, ya nuna musu bambancin tarwaɗa da ramboshi a ƙayar baya.

Akwai abubuwa biyu da ba su yi mini daɗi ba. Na farko, kayansa sun fi na maƙwabta tsada, ba ya rubuta farashi, kuma ba ya ba da rasit sai an matsa, abin da ke wahalar da ɗalibin da zai yi lissafin kuɗin bincike. Na biyu ya fi damuna: yana sayar da ragar roba mai sili ɗaya, wadda ba ta ruɓewa, kuma idan ta yage aka bar ta a ruwa sai ta ci gaba da kama kifi da kunkuru da tsuntsayen ruwa ba tare da kowa ya amfana ba. Na ce masa, “Baba, da za ka riƙa karɓar tsofaffin raga kana rage wa mai ita wani abu a kuɗin sabuwa, da gulbi ya huta.” Ya ce zai duba, amma da na koma watan jiya ban ga alamar an fara ba.

Duk da haka a wurinsa zan sayi kallin bana, mai yatsa huɗu. Wanda zai je ya je da hantsi, domin bayan azahar yaronsa ne ke zama, kuma yaron bai iya awo ba tukuna.