Yayyafi ko Ruwa da Bakin Ƙwarya: Wanne Ya Fi Takura wa LISA?

Ɗan'uwa, ka tambaya: tsakanin ƙwayoyin da rana ke fesowa da waɗanda ke zuwa daga can cikin taurari, wanne ya fi yi wa na'urar LISA illa? Bari in fara da abin da ake gudun a taɓa.

LISA kumbuna uku ne da hukumar sararin samaniya ta Turai ta amince da su a 2024, da niyyar harbawa wajen 2035, tazarar kilomita miliyan 2.5 tsakanin kowane biyu. Aikinsu jiyo girgizar da sarari ke yi idan manyan baƙaƙen ramuka (wuraren da ko haske ba ya iya kuɓuce wa janyowarsu) suka haɗe. A cikinsu akwai dunƙulayen zinariya da filatinam masu siffar magi, kowane gefe santimita 4.6, nauyi kusan kilo 2. Dunƙulen yana shawagi ne, ba ya taɓa komai, kuma sauyin tazara tsakanin dunƙulayen ake aunawa don gane girgizar. To, abin da ba ya taɓa komai ta ina zai sauke cajin lantarki? Ka san yadda riga ke tartsatsi tana manne wa jiki da hunturu. Haka dunƙulen da ya tara caji ke fara janyo bangon ɗakinsa, na'ura ta ɗauka sarari ne ya motsa.

Na cikin taurari yayyafi ne da ba ya ɗaukewa. Galibinsu furoton ne, wato ƙananan ƙwayoyi masu cajin lantarki, masu ƙarfin ratsa jikin kumbo su bar caji a dunƙulen, garkuwa ba ta tare su. Kumbon gwaji LISA Pathfinder, da aka harba a Disamban 2015, ya auna ƙarin cajin da ya kai na furoton ashirin da 'yan kai kowane daƙiƙa. Tarin kansa da sauƙi: a haska dunƙulen da fitilar UV, mai hasken da ido ba ya gani, ilektaron (ƙwayoyi masu kishiyar cajin furoton) su fita ko su shigo, caji ya daidaita. Inda gizo ke saƙa shi ne saukar ƙwayoyin taurarin ba ta da tsari, kuma wannan hargitsin ya fi ƙarfi a kan girgiza mai tafiyar hawainiya, wadda ita LISA za ta je nema.

Na rana kuwa sai an jima ba a gan su ba, amma ranar da rana ta yi aman wuta, caji na iya ninkuwa ɗaruruwa, a yi kwana ɗaya ko biyu awo bai da amfani.

Abin dariyar, ba sa ga maciji da juna. A zagayen rana na shekara 11, lokacin da ta fi tafasa iskarta na kore na taurari, nata su yawaita. Ta lafa, na taurari su dawo.

A ganina yayyafin ya fi. Guguwar rana kowa ya san lokacin da ta zo, a yanke kwanakin a ajiye gefe. Shi kuwa yayyafi yana cikin kowane awo, shi ya sa aka shirya wa LISA fitilun LED maimakon na zaiba da Pathfinder ta yi aiki da su, don su jure shekarun aikin.