A cire haƙorin ko a yi masa aikin jijiya? Amsa ga ɗan uwanmu na Tudun Wada

Ƙanena, na ga tambayarka tun daren jiya, sai yanzu na samu zama. Ka ce turminka na ƙasa ya hana ka barci kwana huɗu, an ɗauki hotonsa a asibiti, likita ya ce ruɓar ta kai jijiya, ya ba ka zaɓi: ko a cire, ko a yi masa aikin da suke kira rut kanal. Duka biyun an yi mini su, ɗaya a hagu ɗaya a dama, tsakaninsu shekara tara. Zan gaya maka abin da na gani a bakina da abin da likitoci suka fahimtar da ni.

Fara sanin abin da ke maka ciwo. A tsakiyar kowane haƙori akwai ɗan kogo mai ɗauke da tsoka mai laushi, da jijiyar ji, da ƙananan hanyoyin jini. Daga nan suke gangarawa cikin saiwa ta wasu 'yan kafofi siririya kamar zare. Haƙorin gaba yawanci kafa ɗaya gare shi, turmi kuwa uku ko huɗu. Idan ruɓa ta huda ta isa wurin, ƙwayoyin cuta su shiga, sai tsokar ta kumbura a ɗakin da ba shi da wurin buɗawa. Zugin da kake ji da dare ke nan, ba tsutsa ba ce kamar yadda muka taso muna ji. Bayan wani lokaci tsokar takan mutu, zafin ya lafa, mutum ya ce ya warke. A lokacin ne kuwa mugunya ke taruwa a ƙarshen saiwa, cikin ƙashin muƙamuƙi. Shi ya sa amoksisilin da Flagyl da ake saye a kemis suke kwantar da ciwon na ɗan lokaci ya sake dawowa: jinin da zai kai magani cikin haƙorin ya daina shiga.

Cirewa dai ita ce mai sauƙi. Zama ɗaya ne, a yi maka allurar kashe zafi, a fitar da shi, ka ciji auduga ka tafi gida. Ranar farko ba a kurkure baki da ƙarfi, ba a shan sigari, don kada gudan jinin da ya toshe ramin ya fita, in ya fita akwai azaba. Cikin mako guda ko biyu dasashi ya fara haɗewa. Kuɗinta ma bai kai na ɗayan aikin ba ko kusa. Wannan na zaɓa karon farko, don a lokacin abin da aljihuna zai ɗauka ke nan, kuma ba na zargin duk wanda ya yi haka.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne giɓi ba ya zama yadda aka bar shi. Haƙora jingine suke da juna. Da aka cire nawa, a hankali na bayansa ya karkato cikin gurbin, na sama da ya rasa abokin tauna ya fara zubowa ƙasa, abinci ya riƙa maƙalewa a tsakani. Ƙashin wurin ma yana janyewa idan babu saiwa a cikinsa. Na koma tauna da ɓangare ɗaya, tsire ko rake ko ƙashin kaza duk a dama, shekara da shekaru. Cike giɓin kuma wani kuɗin ne daban. Akwai haƙorin roba da ake sawa ana cirewa. Akwai wanda ake kafawa a jikin maƙwabta biyu, sai an goge lafiyayyun haƙora kafin ya zauna. Akwai dashe, wanda ake kafa ƙarfe cikin ƙashi, shi kuwa ya fi aikin jijiyar tsada nesa ba kusa ba. Idan ka haɗa lissafin gaba ɗaya, arahar cirewa ta ranar farko ce.

Da na daman ya kama, sai na ce a gwada ceto shi. Mutane suna jin tsoron sunan aikin, suna cewa kashe jijiya, amma allurar da ake yi wa mai cirewa ita ake yi maka, kuma ni abin da ya fi damuna gajiyar buɗe baki ce. Likita yakan huda haƙorin ta sama, ya sa wasu 'yan ƙarafa masu kama da allura ya kwashe ruɓaɓɓiyar tsokar daga kowace kafa, yana aunawa da hoto ko na'ura don ya kai ƙarshen saiwa daidai, yana wankewa da ruwan magani. Idan akwai mugunya yakan zuba magani a ciki, ya rufe da cikon wucin gadi, ya ba ka rana. Idan wurin ya tsabtata sai ya cike kafofin da wata roba da ake samu daga ƙaron itace, gutta-percha, ya toshe saman da ciko mai ƙarfi. Wani a zama ɗaya ake gama masa, ni sau uku na je. Kwana biyu zuwa uku bayan kowane zama haƙorin yakan yi tsami idan an tauna, farasitamol ya ishe ni.

Ga inda nake so ka saurare ni da kyau. Tun zaman farko zugin yake ɗaukewa, kuma a nan mutanenmu da yawa suke ɓacewa. Mutum ya samu barci, ya tuna kuɗin mota da layin asibiti, ya ce ai an gama. Cikon wucin gadi ba a yi shi don ya daɗe ba. Zai zaizaye, yawu da ƙwayoyin cuta su koma ciki, a dawo gidan jiya, kuɗin farko ya tafi a banza. Haka kuma turmin da aka ƙwaƙule cikinsa ya rage ƙarfi, shi ya sa ake sa masa hula ta ƙarfe ko ta tangaran da za ta rufe shi duka. In ba a sa ba, wata rana kana tauna aya ko goro zai iya tsagewa har saiwa, a lokacin kuwa sai cirewa. Saboda haka kafin ka amince, ka tambayi likitan kuɗin aikin har da hular, da yawan zuwan da za ka yi. Idan ka san ba za ka iya kai shi ƙarshe ba, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi, a cire ya fi maka alheri a kan a bar maka aiki rabi.

Aikin ma ba kullum yake cin nasara ba, gaskiya ɗaya ce. Wata kafar takan ɓuya, wata ta lanƙwashe. Idan ciwo ya dawo akan buɗe a sake wankewa, ko a yanka dasashi a datse ƙarshen saiwar. Amma mafi yawan waɗanda aka yi wa da kyau aka sa hula suna shekaru suna tauna da abinsu. Nawa yana nan har yau.

Akwai haƙorin da bai cancanci wahalar ba: wanda ya tsage har ƙasa, wanda ruɓa ta cinye har ƙarƙashin dasashi, wanda ke girgiza saboda ƙashin da ke riƙe da shi ya tafi, da kuma na can ƙurya da ke fitowa bayan an girma. Naka kuwa, in dai turmin farko ne, wanda ke fitowa tun yaro yana shekara 6, shi ne ginshiƙin tauna, kuma da sauran ƙuruciyarka. Tunda likita da kansa ya ce zai cetu, ni a ganina ka cece shi, ko da za ka nemi a raba maka biyan kashi-kashi.

Kafin ranar da aka ba ka, don Allah kada ka bari a ɗiga maka ruwan batir ko fetur a kogon, kada ka danna asfirin a jikin dasashi, ƙonewa yake yi. Kanumfari yana rage zafi na ɗan lokaci, iyakarsa ke nan. Masu cire haƙori a kasuwa ma ka kauce musu, saiwa takan karye a ciki, ga haɗarin ciwon hanta daga kayan da ba a dafa ba. Idan kana da ciwon suga ko hawan jini, ko kana shan maganin tsinka jini, ka faɗa wa likita tun kafin ya taɓa ka. In kuma ka ga kumburi ya sauko ƙarƙashin haɓa ko ya haura wajen ido, da zazzaɓi, ko haɗiya ta gagara, ko baki ya ƙi buɗuwa, kada ka jira gari ya waye. A sa ka a mota a wuce da kai asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, akwai sashen haƙori da tiyatar muƙamuƙi a can, don irin wannan kumburin yana iya toshe numfashi. Allah ya ba ka lafiya.