Jini Ya Yi Kauri: Laifin Ɓargo Ne Ko Ƙarancin Iska?

Idan gwaji ya nuna hematokirit, wato kason jajayen ƙwayoyi a cikin jini, ya haura kashi 49 ga namiji, ko 48 ga mace, a fara maimaita shi bayan an sha ruwa sosai. Zafin Makka da azumi kan rage ruwan jini har adadin ya yi kamar ya hau.

In ya tsaya a sama, hanya biyu ce. Ta farko, jiki ne ke neman iskar oksijin: kamar mazaunin birnin Abha na Saudiyya da ke kan tudu mai tsayin sama da mita 2,000, ko mai shan shisha, ko mai minshari da ɗaukewar numfashi cikin barci. A nan ƙoda kan ƙara sinadarin EPO mai sa ɓargo ƙera jajayen ƙwayoyin jini, kuma maganin yana wajen sababin.

Ta biyu ta fi haɗari. Ɓargo ne ke ƙera ƙwayoyin jini ba tsayawa, wato cutar polisitemiya bera. EPO kan yi ƙasa, gwajin ƙwayar halitta ta JAK2 kan nuna sauyi, saifa na iya kumbura, jiki ya yi ƙaiƙayi bayan wanka da ruwan ɗumi. Likita kan ɗebi jini lokaci-lokaci har hematokirit ya sauka ƙasa da 45, don gudun daskarewar jini. Ƙaho ba ya maye gurbin wannan.