Ƴar na'urar kaset da na sayo a Katako: ta yi aiki, amma sai da ta ci mini zare

Da na je Tahoua sallar layya, Inna ta buɗe akwatinta na ƙarfe tana neman wani zane, sai ga kaset 23 a ƙulle cikin leda. Yawancinsu saƙon Baba ne, Allah ya jiƙansa, na shekarun da yake bida a Abidjan. Shi bai yi boko ba, Inna ma haka, don haka sai ya zauna gaban manyeto ya yi maganarsa, ya ba wani mai komowa gida. Na roƙe ta ta ba ni su in zo Yamai in juye su a kwamfuta. Ta ba ni, amma sai da ta ƙirga su a gabana sau biyu.

Abin da na samu a kasuwar Katako ta Yamai wata ƴar na'ura ce mai siffar Walkman, girmanta bai wuce tafin hannu ba, jikinta roba ce da aka shafa wa ruwan azurfa, babu ko sunan wanda ya ƙera ta. Jikka 12 na biya bayan doguwar ciniki. A kwalin akwai wayar USB da ƙaramin faifan CD mai ɗauke da Audacity, manhajar ɗaukar sauti. Laftof ɗina ba shi da wurin sa faifai, to sai na sauko da manhajar daga intanet, dama kyauta ce.

Daren farko ban samu komai ba. Kaset na juyawa, layin da ke allo kuwa miƙe yake kamar igiyar shanya. Laifina ne: na buɗe Audacity kafin in jona na'urar, alhali sai an jona ta tukuna manhajar ke ganinta, sannan a zaɓe ta a jerin abubuwan ɗaukar sauti. Kwamfuta tana ɗaukarta ne a matsayin makirfo, saboda haka dole a shiga saitin Windows a ba da izinin makirfo, a kuma mai da ita layi 2, wato hagu da dama, a kan 44100 Hz, in ba haka ba kunne ɗaya za ka samu. Da na gama wannan sai lasifikar laftof ta yi gum. Ashe kwamfutar ta karkata fitar sauti ma zuwa ga na'urar, sai da na maido shi da hannu.

Sai kuma gunji. Wata ƙara ce ƙasa-ƙasa da ke bin muryar Baba kamar ƙudan zuma a cikin tulu. Kwana biyu ina zargin kaset ɗin, har aka ɗauke wuta ina tsakar aiki, gunjin ya ɓace ɗif. Caja ce. Wutarmu tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma caja marar kyau tana tura wannan ƙarar cikin sauti. Tun daga ranar nake cika batir, in zare caja, sannan in fara. Kaset mai lamba C90 minti 45 ne kowane gefe, batirina yana kai gefe biyu da kyar. Babu hanyar gaggawa, yadda kaset ke tafiya haka za ka zauna ka jira shi.

A kaset na huɗu ne ta yi mini aika-aika. Na ji muryar ta fara jan ƙafa, kafin in kai hannu zaren ya naɗe a ƴar tayar robar da ke jansa, ya cukurkuɗe, ya tsinke. Ranar ban ci tuwon dare ba.

Da safe na koma Katako wurin wani dattijo mai gyaran rediyo. Ya juya na'urar a hannunsa, ya ce, "Yaro, wannan ka sa wa kaset ɗin mahaifinka? Motarta ba ta da ƙarfin jan zaren da ya shekara 30 yana shan zafin Adar." Ya kwance sukurori biyar na kaset ɗin, ya yanke wurin da ya tauna, ya haɗa bakin da siririn salatif ta bayan zaren. Kalmomi kaɗan sun tafi, ba za su komo ba. Sannan ya zura bik a ramin kaset ya juya shi a hankali daga farko har ƙarshe don zaren ya saki jikinsa. Ya nuna mini ɗan guntun auduga da ke ƙarƙashin zare, wanda ke danna shi a kan ƙarfen da ke karanta sauti, ya ce in ya faɗi murya za ta dushe. Ya goge ƙarfen da ke karanta sautin da tayar da alkol na farmasi, audugar ta fito ja kamar ƙasar Tahoua. Akwai kuma ɗan sukuru a gefen ƙarfen, ya murɗa shi kaɗan-kaɗan yana saurare, sai muryar da ke kamar daga cikin bargo ta washe. Dala 200 ya karɓa, na ƙara masa na goro.

Wani aibin nata ba ya gyaruwa. Zaren kaset santimita 4,76 ya kamata ya yi a daƙiƙa, ita kuwa tana ɗan sauri tana ɗan sanyi. A magana ba ka cika lura ba, amma a kaset ɗin kiɗan bikin yayata, gurmi sai ya riƙa rawar sanyi. Dattijon ya ba ni aron tsohuwar babbar manyeto, ya ce kada in kuskura in sa wayarta a ramin makirfo na laftof, domin an yi shi ne don sauti marar ƙarfi, sai sautin ya fashe. Ɗan akwatin sauti na USB mai ramuka ja da fari na saya, da shi na ƙarasa sauran.

Ban da kaset, na juye wasu faifan CD ma, su kam ba su ba ni wahala ba. Su ba a ɗaukarsu da Audacity, kwafe su ake yi. Na ari abin karanta faifai na USB, kowane ɗaya ƴan mintuna ya ɗauka. Wanda ya yi tsalle na goge shi da tsumma mai laushi daga tsakiya zuwa baki, biyu kuwa sun karce har ba su karantuwa. Ina ajiye asali a WAV, tsarin sautin da ba a matse ba, mai cin kusan mega 10 a minti, in yi MP3 don turawa ta WhatsApp.

Wanda ke da kaset ɗin wa'azi ko hira da ana iya samun irinsa a wani wuri, wannan na'urar ta ishe shi, kuɗinta ma bai yi yawa ba. Wanda kuwa abin da ke hannunsa guda ɗaya ne a duniya, ya fara gwada ta da kaset ɗin da ba ya so, ya juya zaren da bik, kuma kada ya tashi daga gabanta ko shan ruwa.

Na tura wa Inna na farko a wayar ƙanena. A ciki Baba yana ba da haƙuri kan kuɗin da ya aiko, yana cewa tun da aka karya darajar sefa a watan Janairun 1994 komai ya yi tsada a Abidjan, sannan ya tambaya ko an yaye ni. Ƙanena ya ce sau uku ta sa aka maimaita mata. Da ta kira ni, abin da ta fara tambaya shi ne yaushe zan maido mata da kaset ɗinta, duka 23.