Shekara Biyu Ina Wanke Hotunan Daji da Lightroom

Duk mai ɗaukar hoton namun daji ya san wannan takaicin: dabba ba ta fitowa sai haske ya yi ƙaranci, da sassafe ko dab da faɗuwar rana. Da rana ta take, lokacin da kyamara ke samun hasken da take so, kowa ya shige inuwa ya kwanta. Wannan matsalar ce ta kai ni ga Lightroom Classic, manhajar gyaran hoto ta kamfanin Adobe, kuma bayan shekara biyu ina ganin na isa in tofa albarkacin bakina.

Bari in fara da zalɓe. Wata safiya na laɓe a bakin wani tafki tun gari bai gama wayewa ba, sai ga shi ya sauka, ya ɗan yi kiwo, ya buɗe fukafukai zai tashi. In kana son tsuntsu mai tashi ya fito tsaf, dole ƙofar kyamara ta buɗe ta rufe cikin kashi ɗaya bisa 2000 na daƙiƙa. Hasken da ke shiga a wannan ƙiftawar bai taka kara ya karya ba, don haka na ɗaga ISO, wato ma'aunin da ke ƙara wa hoto haske a kyamara, zuwa 12800. Da na buɗe hoton a kwamfuta, kai ka ce yashi aka watsa masa, ɗigo ja da kore sun cika duk inda inuwa take. A da, irin wannan hoton goge shi kawai nake yi, domin tsohuwar dabarar rage ɗigo shafe hoto take yi, ɗigo ya tafi, gashin tsuntsu ma ya bi shi, a bar ka da wani abu kamar ɗan tsana na roba.

A watan Afrilun 2023 aka ƙara wa manhajar wani aiki mai suna Denoise, wanda ke amfani da ƙirƙirarriyar basira wajen bambance ɗigo da ainihin abin da ke cikin hoto. Na sa ma'auninsa a 40, na jira. Kwamfutata tsohuwa ce, sai da ta yi mintuna tana gurnani. Amma da na zuƙo hoton, baƙin gashin nan da ke zubowa daga ƙeyar zalɓe ya fito sili-sili, har ɗigon ruwan da ke ƙarshen bakinsa ina gani. Tun ranar na daina tattara kayana da zarar rana ta faɗi, ina ƙara rabin awa a daji.

Da sharaɗi fa. Ka ɗauki hotonka a tsarin RAW, wato ɗanyen hoto kamar yadda kyamara ta ɗauke shi, ba a sarrafa shi ba. Kyamarori da yawa suna ajiye matakin haske 16,384 a kowane launi a RAW, JPEG kuwa, tsarin hoto na yau da kullum, 256 kacal yake riƙewa. Daga wannan rarar ake tono abin da ya ɓuya a duhu.

A hoton tsaunuka da filaye, abin da na fi morewa shi ne zaɓen sararin sama da dannawa ɗaya, wanda ya zo a 2021. Da yamma sama takan yi fari fat alhali ƙasa ta yi duhu, sai ka gyara kowanne daban. A nan ne na yi ta tafka shirme da hannuna. Na riƙa duhunta gajimare fiye da kima har wani farin layi ya zagaye rassan bishiyoyi, na kuma cika launi har wani abokina ya tambaye ni ko a wata duniyar na ɗauko hoton. Yanzu in na gama gyara sai in bar shi ya kwana. Da safe kusan kullum sai na rage.

Akwai abin da babu manhajar da za ta yi maka. In saitin kyamara ya faɗa kan reshe, idon dabba ya yi dishi-dishi, shi ke nan. Haka farin gashin balbela in rana ta ƙone shi a hoto, komai jan ma'auni toka-toka kawai za ka samu, domin kyamara ba ta ajiye komai a wurin ba.

Abin da har yanzu nake kokawa da shi shi ne Generative Remove na 2024, mai cire abu daga hoto ya cike gurbin da ƙagaggen abu. Ina da hoton wata barewa da ciyawa ɗaya tak ta gitta gefen idonta. Na cire ciyawar, hoton ya yi kyau har ya ba ni tsoro, don gefen idon da nake kallo yanzu barewar ba ta taɓa nuna min shi ba, kwamfuta ce ta zana. Gasar Wildlife Photographer of the Year da gidan tarihin halittu na Landan ke shiryawa ba ta yarda a ƙara ko a cire abu daga hoto ba, kuma tana neman ainihin RAW daga waɗanda suka kai zagayen ƙarshe. Ni ba gasa nake shiga ba, amma na mayar da ciyawar. Ƙurar da ke maƙale wa kyamara ta fito baƙi-baƙi a sararin sama, wannan kam ina share ta ba tare da ko ɗar ba.