Baba mai wayarin na Farin Gada da aikin da ya yi wa Fijo 504 ɗinmu

Idan kana da tsohuwar mota a Jos, kana neman wanda zai sake mata wayarin tun daga tushe ba faci ba, akwai wani dattijo da ke zama a cikin garejin Farin Gada da zan iya tsaya masa. Shi ya yi wa Fijo 504 ɗin mahaifinmu aiki, a harabar gida ya yi shi, ina tsaye ina miƙa masa kaya. Mai kushin da ya kawo mana kuwa, yabonsa da sauƙi, zan zo kansa.

Motar haɗin Kaduna ce, ta farkon shekarun 1980, daga masana'antar Peugeot da ke Kakuri wadda ta fara aiki a 1975. Injinta mai girman lita biyu lafiyarsa ƙalau. Wuta ce matsalarta. Ka taka birki sigina ta kama lumshewa, ka kunna babbar fitila allurar gejin mai ta faɗi, batir kuma ba ya kwana biyu da caji. Masu wayarin da suka taɓa ta a baya kowa ya ja tasa wayar ya naɗe da tef ya tafi. Ƙarƙashin dashbod har da wayar wutar gida, da wani fis da aka naɗe da takardar kwalin sigari.

Ranar da Baba ya zo bai taɓa komai ba sai kan batir, ya cire na nagetif ya ajiye gefe. Ya kwanta a ƙasan sitiyari da tocila ya daɗe yana kallo. Da ya fito sai ya ce, "Ɗana, wannan ba ta gyara ba ce. In faci kake so, akwai yara a bakin titi, yau za su tayar maka da ita. Ni sai dai in kwashe duka." Ya lanƙwasa wata waya a gabana, robar jikinta ta farfashe ta zube a tafin hannunsa, jan ƙarfen ciki ya yi kore. Na ce, "Baba, a kwashe."

Abin da ya fi burge ni shi ne ya san motar da idonsa. Turawan Faransa ba da launi kaɗai suke bambanta waya a waɗannan Fijo ba, lamba suke sa wa kowace a bakinta. Yawancin yaran yanzu ba su ma lura da lambar ba, su dai su yanke su gwada da kwan fitila. Baba sai ya goge bakin waya da babban yatsa, ya karanta lambar, ya ce wannan ta oda ce, wannan ta waifa. Ya zare tsohon damin wayar gaba ɗayansa bai yanka ba, ya shimfiɗa shi a kan falanki, ya kafa ƙusoshi a duk inda ya yi reshe, sannan ya riƙa jan sabuwar waya a kansa ɗaya bayan ɗaya, kowace da 'yar takardar lambarta. Yaronsa na riƙe da wani littafin makaranta yana rubuta abin da maigidansa ya faɗa. Da aka gama ni aka bai wa littafin. Duk wanda zai taɓa motar nan gaba, ba zai yi lalube ba.

Kaya ni na saya, shi kuɗin hannunsa kawai ya karɓa, kuma na ji daɗin wannan tsarin. Ya rubuta mini kaurin kowace waya: siririya ta fitilun dashbod, mai milimita 2.5 ta manyan fitilu, mai kauri sosai daga altaneta zuwa batir. Da zan je Dilimi, inda ake sayar da kayan mota, ya gargaɗe ni in kankare bakin waya da wuƙa kafin in biya, domin akwai wadda alminiyom ce aka shafa mata jan ƙarfe a sama. In ka kankare ka ga fari, ajiye ta. Tana ɗaukar zafi, tana karyewa a wurin haɗi. A shago na farko irin ta aka miƙo mini, a na gaba na samu ta gaske, kuma bambancin kuɗin ba kaɗan ba ne. Sauran ƙananan kaya kuwa, makunnin fitila, gilashin fitilar baya, robar ƙofa, ba su yi wuya ba. Motar da aka yi shekara kusan talatin ana haɗawa a Kaduna, wadda gwamnati da 'yan tasha suka yi ta hawa, har yau gwanjonta bai ƙare a Dilimi ba.

Abu biyu ya ƙara waɗanda ba haka motar ta fito ba, kuma sai da ya nemi izinina. Na farko rile, wato ɗan makunnin da wuta ke kunnawa da kanta, a manyan fitilu. Ya yi mini lissafi: kwai biyu masu wat 60, a kan bolt 12, wutar ta kai amfiya 10, duk tana bi ta cikin ɗan makunnin da ke jikin sitiyari, wanda ya haura shekara arba'in yana aiki. Da rile, makunnin umarni kawai yake bayarwa, wutar ta taso kai tsaye daga batir. Na biyu sabon akwatin fis irin na zamani mai 'yan ƙafafu, wanda ko a kan hanya ya ƙone za ka samu a kowane shago. Ya ɓoye shi inda tsohon yake. Mai son komai ya zauna yadda kamfani ya yi zai iya ƙin wannan. Ni mota nake so in hau da iyalina da dare, na yarda.

Batun siginar da ke lumshewa ashe ba waya ba ce, as ne, wato hanyar da wuta ke bi ta ƙarfen jikin mota ta koma batir. Wurin da fitilun baya ke kama jikin mota ya yi tsatsa, wutar ta rasa hanyar komawa sai ta bi ta wani kwan. Ya kankare wurin har ƙarfe ya yi fari, ya ɗaure, ya shafa giris. Haka ya bi kowane as a motar, har da babbar igiyar da ke tsakanin inji da bodi. Duk ramin da waya ta ratsa ƙarfe sai ya sa masa zoben roba. Da aka tayar da ita ya ɗora mita a kan batir ya kira ni in gani da idona: bolt 12.6 tana kashe, 14 da ɗan ɗoriya tana aiki.

Aibinsa ɗaya, ba ya sauri, kuma ba ya faɗin ranar gamawa. Yana da aikinsa a gareji, don haka sai bayan la'asar yake zuwa, wata rana ma ba ya zuwa, wayarsa kuma ba kullum ake samunta ba. Hadari na haɗowa zai tattara kayansa, ya ce ba ya haɗa waya da danshi. Wanda ya san damunar Jos ya san abin da wannan ke nufi. Kuɗinsa ma ya fi na kowa da na tambaya, kuma ba ya ragi. Ban ga laifinsa a nan ba.

Sai mai kushin. Saurayi ne mai ladabi, ɗinkinsa a miƙe, kujerun gaba ya yi su da kyau: ya bi tsohon zanen layi-layi, ya sa soso mai tauri, ya ɗaure sifirin da suka saki. Kujerar 504 dama an san ta da laushi, kuma ya dawo da ita yadda na san ta. Amma rufin sama ya ba shi wahala. Yadin rufin wannan motar a jikin sandunan ƙarfe yake rataye, sai an ja shi daidai ta kowane gefe kafin a cusa bakinsa ƙarƙashin robar gilashi. Shi ya saba da motocin yanzu da ake manna yadi a kwali. Kusurwar baya ta hagu ta tattare, ya dawo ya sake ja, ta ragu amma tana nan. Fatun ƙofa kuma ya so ya ɗaure su da sukurori a fili, sai da Baba ya tsawata masa ya ce, "Kai, nemo kilif ɗinta." Gam ɗin da ya yi amfani da shi ya daɗe yana wari. Don kujera zan sake kiransa. Don rufi, a nemi tsohon hannu.

Shawara ɗaya ga mai shirin irin wannan aikin: kada a shimfiɗa sabon kafet sai an duba ƙasa. Da muka ɗaga namu, gefen direba ya jiƙe ya yi tsatsa, ruwa ne ke bi ta tsohuwar robar gilashin gaba yana sauka daidai kan wayoyi. Sai da mai walda ya yi faci, aka shafa jan fenti, aka canza robar, sannan Baba ya yarda ya mayar da damin wayarsa. A fara da toshe ruwa, sai wayarin, kushin ya zo ƙarshe, in ba haka ba za a kwance abin da aka ɗinka.

Na gwada ta da dare zuwa Akwanga da dawowa, ta hau Hawan Kibo da fitila da waifa da fanka duk a kunne, allurar gejin mai ba ta yi faɗuwar da ta saba ba. Agogon dashbod ne kaɗai bai tashi ba. Baba ya ce wuta na isa gare shi, cikinsa ne ya mutu, kuma wannan aikin mai gyaran agogo ne, akwai su wajen Taminus.